Ɗigon Man Giya a Rairayin Ladji

Duk wanda ya yi sammako bayan sallar asuba ya ratsa lungunan Ladji, unguwar nan ta Kwatano da ke kwance a gaɓar tafkin Nokoué, in ya dubi gindin tsofaffin baburan da suka kwana a ƙofar gida, ba zai rasa ganin baƙin tabo a rairayi ba, wanda mai babur kan binne da ƙafa, ya zura rigarsa ruwan ɗorawa ta zemijan, wato 'yan acaɓa, ya taka kik ya nufi kasuwar Dantokpa. In ka tambaye shi sai ya ce ai tsufa ne. Ni kuwa ban yarda ba, domin galibin wannan yoyo yana da sababi takamaimai, kuma abin da ya hana shi warkewa shi ne ana yi masa magani tun ba a yi tahkikin illarsa ba.

Mu ɗauki Yamaha Mate, wanda Japan ta fara ƙerawa a 1965, wanda kuma ya daɗe yana ɗaukar mutanen Kwatano kafin Bajaj da Haojue su cika titi. Injinsa mai bugu biyu ne, saboda haka mai iri biyu yake sha: ɗaya yana ƙonewa tare da fetur ya fita ta salansa, ɗayan kuwa yana zaune a akwatin giya yana jiƙa haƙora da kuloci, kuma ba shi da hujjar raguwa sai in ya sami kafa. Kafofin nan sanannu ne ga ma'abota sana'a: sil ɗin sandar da ake taka giya, da na sandar kik, da wanda ke bayan ƙaramin haƙorin sarƙa, sai gaskit na murfin kuloci, da washar notin da ake tsiyaye mai. Amma da yake mai yana gangarowa, iska kuma tana kora shi baya, wurin da ya ɗiga ba safai yake zama wurin da ya fito ba.

Don haka hanyar ƙwarai ita ce a wanke injin tas da kananzir, a bari ya bushe, a barbaɗa masa hoda ko garin alli, a zaga da babur har ya yi zafi, sa'an nan a jingine shi a bi sawun danshi zuwa sama har inda ya soma. Sau da yawa a nan ake gane cewa man sarƙa ne kawai yake fantsama, ko mai babur ne ya cika akwatin fiye da ƙima, ko kuwa laka ta toshe 'yar kafar da akwatin ke numfashi ta cikinta, har zafi ya tura mai ta bakin sil mai lafiya. Akwai ma yoyon da ba ya taɓa ƙasa: idan sil ɗin karanshaf na ɓangaren kuloci ya mutu, injin yakan zuƙe man giya ya ƙone shi, alamarsa kuwa hayaƙi mai kauri da mai da ke raguwa alhali rairayi a bushe yake.

Na taɓa tsayawa ina kallon wani makaniki, wanda ba zan ambata ba, yana shafe gefen injina da gam daga waje, ya ce mini, “Malam, an gama.” Kafin Juma'a ta zagayo tabon ya dawo. Da aka buɗe a wani wuri, ashe yashi ne ya taru a leɓen sil ya ci sandar har ya yi mata zobe, wanda ko sabon sil aka sa a daidai wannan gurbi ba zai riƙe ba, sai an goge sandar an ɗan gusar da mazauninsa, ko a sake ta ɗungurungum. Ɗaliban da suka karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid sun san hukuncin algus da ɓoye aibi, kuma ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya tsaya ga mai sayar da hatsi ya tsallake mai riƙe da sifana ba, ballantana dillalin da ke wanke inji ya shafe shi ranar da za a sayar.

Mai babur ma yana da nasa alhaki. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 fetur ɗin kwalba da ake kira kpayo ya yi tsada, kowa yana lissafin sefa, amma mutum ya gwammace ya riƙa ƙara man giya kowane mako maimakon ya sayi sil guda, alhali man da ya ɗiga yakan kai ga tayar baya, sauran kuma ruwan sama ya kwashe shi zuwa tafkin da masunta ke ci daga gare shi. Kuma kafar da mai ya fita ta ita ruwa ke shiga: in ambaliyar Satumba da Oktoba ta janye daga Ladji, a kwance notin ƙasa a duba, idan man ya fito fari-fari kamar koko, a zubar da shi a galan, a sake sabo kafin haƙoran giya su yi tsatsa.