Karen Bature da Karen Bahaushe

Yau da wata kalmar Turanci zan fara, wadda ta kusa jawo mana rigima a ɗakin marasa lafiya.

Wani dare ina bakin aiki aka kawo wani dattijo yana ta amai. Likitan da ya duba shi a Ingila ya yi karatu. Ya juyo ya ce mini, "He is as sick as a dog." Ɗan dattijon na tsaye a gefe, kalmar "dog" kaɗai kunnensa ya kama. Nan take idonsa ya kaɗa ya yi ja: "Likita, mahaifin nawa ne kare?" Da ƙyar na ja shi waje, na ce, "Malam, yi haƙuri, nufinsa Baba yana jin jiki sosai." Saura ƙiris ya ɗauke mahaifinsa su tafi, alhali ƙarin ruwa yake buƙata a daren.

Ban ga laifinsa ba. A bakinmu kare bai cika fitowa da mutunci ba. Wanda ake turawa ya ci zarafin mutane karen farauta ne, azzalumi kuma cin karensa yake ba babbaka. Shi kuwa Bature karensa ɗan gida ne, a falo yake kwana, shi ya sa kalmar ta cika masa baki.

In ya gaji liƙis sai ya ce "dog-tired". Mai faɗa a ji shi ne "top dog", wanda ba a sa masa ran nasara kuma "underdog", kamar ƙaramar ƙungiyar ƙwallo in ta kara da babba. 'Yan jarida da hukumomi masu sa ido "watchdog" ne, kuma yabo ne. Ruwa kamar da bakin ƙwarya shi ne "raining cats and dogs". Inda mu za mu ce a bar kaza cikin gashinta, shi sai ya ce "let sleeping dogs lie". Shi ma "hot dog" da yara ke nema babu naman kare a ciki, sai dai uwa ta duba takardar jikinsa, don a ƙasashen waje sau da yawa da naman alade ake yin sa.

Amma kada ka saki jiki, kalmar tana cizo a can ma. A kira mace da ita cin fuska ne, abin da ya lalace kuma a ce ya "gone to the dogs". Samarin Amurka kan kira abokansu da ita cikin raha, yaranmu kuma suna kwasa daga finafinai. A ja musu kunne, kada wata rana su gwada a gaban kawunsu.

Akwai ɗaya da ta shafi aikina: "hair of the dog". Yanzu mashaya ke faɗarta, amma asalinta tsohon camfi ne cewa gashin karen da ya cije ka, in aka ɗora a kan ciwon, zai warkar. Bai taɓa warkar da kowa ba, haka ma toka da ƙasa da ake barbaɗawa a nan. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar don allurar riga-kafi. Ciwon haukan kare in ya bayyana, da wuya a tashi.

Dattijon nan ya warke bayan kwana uku. Likitan ya ba ɗansa haƙuri, tun daga ranar kuma da Hausa yake bayani a gaban majinyata. Kai ma in ka ji baƙuwar kalma ta sosa maka rai, tambaya tukuna, matambayi ba ya ɓata.

Wace kalmar Turanci ce ta taɓa haɗa ka faɗa da wani? Ina jiran labarinka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.