Hawan Gefe: Sunna Ce Ko Al'adar Fadar Turawa?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, akwai wata magana da ke yawo a tsakaninmu, wai 'yar Musulmi ba ta koyon hawan doki, in kuma ya zama dole, sai dai ta yi hawan gefe, wato ta zuba ƙafafunta biyu ta ɓangare ɗaya. Masu faɗin haka suna kiransa addini. Ni kuwa tambayata guda ce: ina dalilinku?

Mu fara da asalin abin. Sirdin gefe a fadojin Turai ya girma. Ana danganta yaɗuwarsa a Ingila ga Sarauniya Anne ta Bohemiya, wadda ta auri Sarki Richard na Biyu a 1382. Dogayen rigunansu da al'adar fadarsu ne suka kawo shi. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ma haka take hawa a faretin sojojinta har zuwa 1986. Wannan ce silsilar da kuke son jingina wa Shari'a?

Sannan hawan yana da wuyarsa. Likkafa ɗaya ce, a hagu. Tun da babu ƙafa a dama, da sanda ake ba doki umarni ta can. Galibi sai an ɗaga mace kafin ta hau, kuma idan dokin ya faɗi, ba ta saurin kuɓuta daga sirdin.

To, me ya inganta daga magabata? Bukhari da Muslim sun ruwaito Annabi (SAW) ya yabi matan Ƙuraishu a cikin matan da ke hawan raƙuma. Asma'u 'yar Abubakar (RA) ita ke kula da dokin mijinta Zubairu, tana ba shi abinci. Nana A'isha (RA) ɗan'uwanta Abdurrahman ne ya goya ta a kan raƙumi zuwa Tan'im don ta yi umara. Maganar nan kuwa da ake yaɗawa ta tsine wa mata a kan sirdi, Mulla Aliyu Alƙari ya ce ba ta da asali.

Kada ku ɗauki wannan wasa. A 2013 hukumar birnin Lhokseumawe na ƙasar Indonesiya ta hana mata zaman ƙafa nan ƙafa can a bayan babur, da sunan addini. Duk wanda ya san babur ya san mai zaman gefe ta fi saurin zamewa. Kare rai kuwa yana cikin manyan manufofin Shari'a.

Abin da addini ya nema a fili yake: cikakkiyar sutura, wando mai yalwa a ƙarƙashin hijabi, da nisantar keɓewa da namijin da ba muharrami ba. Wadda ta zaɓi hawan gefe ba ta yi laifi ba. Laifin yana kan wanda ya haramta abin da Allah bai haramta ba.

Allah Ya nuna mana gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Wallahu a'alam.