Ina Iyakar Ruwa, Ina Iyakar Gini?

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, wayoyinmu kan cika da hotuna iri ɗaya daga gida: katangu sun zube, mata na ɗauke da tabarmi a ka, yara sun tare a azuzuwan makarantar firamare. Mu da ke nesa mukan haɗa gudummawa, mu yi addu'a, mu koma ga karatunmu. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: wa ya ba da izinin gina waɗannan gidaje a inda aka gina su?

A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, Kogin Ngadda ya malale cikin Maiduguri, kamar yadda ya taɓa yi a 1994. A ƙarshen Mayu na 2025 ambaliya ta afka wa Mokwa a Jihar Neja, ta kashe fiye da mutum 150, kuma Unguwar Hausawa na cikin wuraren da ɓarnar ta fi muni. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma shekaru 30 da ke tsakanin ambaliyar Maiduguri ta farko da ta biyu sun isa a shata wa ruwa hanyarsa, a hana gini a kanta.

Kakanninmu sun san wannan ba tare da takarda ba. Gari a kan tudu ake kafa shi, fadama kuwa ta noman rani ce da kiwo. Da birane suka cika suka batse, sai fadamar ta koma fulotai, dillalai suka yanka ta suka sayar da araha ga wanda ba shi da ƙarfin sayen tudu.

Dokoki kuwa akwai su. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin amfani da su. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Dokar 1997 da ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta ba ta iko a kan mita 100 daga gaɓar manyan hanyoyin ruwa, kuma a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya a shari'arta da Jihar Legas. Hukumar NIHSA ma kan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara. To amma talakan da zai sayi fili a bakin Kogin Kaduna ko Binuwai ba shi da wata taswira da zai duba ya ga inda layin ya bi. Hukumomi sun yi yawa, layin kuwa babu wanda ya gan shi a ƙasa.

Inda aka tuna da dokar kuma, a kan marar gata take sauka. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Legas ta rushe Maroko, ta kori mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000, da hujjar cewa wurin kwari ne mai haɗari. Yau filin yana cikin mafi tsada a Nijeriya. A 2016 da 2017 an tashi masuntan Otodo Gbame daga bakin ruwa, har wata babbar kotun Legas ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki. A daidai wannan lokaci ana cike teku da yashi ana gina Eko Atlantic. Dokar da ke kama bukkar masunci ta bar benen attajiri ta tashi daga kare rayuka, ta zama hanyar ƙwace fili.

Waɗanda ke Ingila a cikinmu sun ga wata hanyar. Hukumar muhalli ta ƙasar tana da taswirar da kowa zai buɗe a intanet, ya sa lambar unguwarsa, ya ga ko tana rukuni na 1, na 2 ko na 3 na haɗarin ambaliya, kuma majalisar yanki kan duba wannan kafin ta amince da gini. Faransa tun 1986 ta hana sabon gini a cikin mita 100 daga bakin teku a wajen wuraren da suka riga suka zama gari. Su ma ambaliya na cin su, amma mai saye ya san abin da ya saya.

Za a ce: ina talaka zai koma? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ba katafila ba ce. Abu uku muke nema daga gwamnatocin jihohinmu. Na farko, a zana layin, a kafa turaku a ƙasa, a liƙa taswirar da Hausa a sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar gidan mai unguwa. Na biyu, kada a sake ba da takardar mallaka a cikin layin, ko mai nema wane ne. Na uku, waɗanda suka riga suka zauna a ba su fili a tudu da diyya tun kafin a taɓa katangarsu.

Mu ma da namu laifin. Kuɗin da muke turawa gida kan sayi fulotan da ba mu taɓa takawa ba, sai hoton da dillali ya turo mana da rani. Kafin mu biya, mu sa ɗan'uwa ya je wurin a watan Agusta, ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2012 da 2022. Masu karatun tsara birane da injiniyancin ruwa a cikinmu kuma su miƙa wa majalisun jihohinsu abin da suka koya, su kuma tambayi duk mai neman gwamna a 2027 ina taswirarsa. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane. Wanda bai shata wa ruwa iyaka da rani ba, ruwan ne zai shata masa da damina.