A Riƙa Bin Sawun Wayar Da Kan Jama'a Kan Lafiya

Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu.

Kullum sai mu ji an yi taron bita, an buga takardu, an sa sanarwa a rediyo. To, amma wa ke komawa bayan wata shida ya duba ko maganar ta shiga kunnen jama'a, ko ma'aikacin da aka horar yana aiki da abin da ya koya? Lissafin da ake kai wa manya shi ne yawan mahalarta da kuɗin da aka kashe, shi ke nan.

Mu tuna gubar dalma ta Zamfara a 2010, wadda ta hallaka yara aƙalla 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. An gano sanadin, wato daka da niƙa duwatsun zinare a cikin gida, inda ƙurar ke shiga cikin yara. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, an yi magani, an rubuta rahotanni. Amma a 2015 sai ga irinta a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Ashe ilimin yana kwance a takarda, bai isa ga masu haƙar ba.

Dubi kuma shan inna. A wannan yaƙin ba a tsaya ga ƙidayar masu ɗiga maganin ba. Ana shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa, sannan wasu jami'ai daban su bi gida-gida suna dubawa. Unguwar da aka tsallake a koma mata, a sa mai unguwa a gaba. Da irin wannan bin diddigi aka kai ga 2020, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Saboda haka duk shirin lafiya a ware masa kuɗin komawa bincike tun farko. A tambayi uwa ta haɗa ruwan gishiri da sukari a gani da ido. Ma'aikacin da za a canza wa wurin aiki ya bar wa na baya abin da ya sani a rubuce. Sakamakon kuma a faɗa wa jama'a da Hausa, tunda ran 'ya'yansu ake magana.

Allah ya sa masu iko su ji, amin.

Mai karatunku daga Gusau