Kayan nutso: Nishaɗi a Japan, buƙatar ceton rai a madatsun Funtua da Malumfashi

A tsibiran Ogasawara na ƙasar Japan, masu yawon buɗe ido kan goya tukunyar iska su nutsa cikin teku domin kallon murjani da dabbobin ruwa irin su dolfin. Wannan na'ura, wadda Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera a 1943, abin shaƙatawa ce a can. A kudancin Katsina kuwa, rashinta na iya zama sanadin asarar rai.

Madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye da Malumfashi su ne madogarar masunta da manoman rani, kuma yara na wanka a gaɓarsu. Idan wani ya nutse, galibi masunta ne ke fara faɗawa ruwa, ba su da komai sai numfashin da suka riƙe, suna lalube cikin laka. Ƙwaƙwalwar wanda ya nutse kuwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska. Kafin agaji ya iso daga birnin Katsina, aikin ya koma neman gawa.

Kifewar kwalekwale a Bagwai ta Jihar Kano a Nuwamban 2021, inda ɗaliban Islamiyya da dama suka rasu, ta isa darasi.

Mafita tana bakin ruwan. Masunta sun riga sun san zurfi da makwancin kowane dam. Abin da ya rage wa gwamnatin jiha shi ne ta horar da su, ta ajiye tukwanen iska da rigunan kariya a hannun sarakunan ruwa, tun kafin damina ta cika madatsun.