Gwajin Ciwon Hanta Ya Kamata Ya Zama Kyauta

Ciwon hanta nau'in B ba ya sallama. Mutum zai shekara 20 yana noma, yana cin kasuwa, ƙwayar cutar na cin hantarsa a ɓoye. Ranar da ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura, sai a ce shawara ce, a dafa saiwa. Sau da yawa a lokacin cutar kansa ta riga ta kama.

Binciken NAIIS na 2018 ya gano kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Nijeriya na ɗauke da ƙwayar nau'in B. Tun 2004 allurar rigakafinta ke cikin jadawalin yara, amma ta farko tana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Jaririn da ungozoma ta karɓa a gida, sai bayan suna ake kai shi asibiti. Ga askar wanzami guda a kan yara da yawa tana yaɗa cutar, ga gyaɗa da masara masu hunhuna a rumbu suna ƙara illata hanta.

Masar ta gwada sama da mutum miliyan 50 kyauta daga 2018 domin nau'in C. Jihohin Arewa su fara gwajin nau'in B kyauta da masu awon ciki, wanda aka samu da cutar kuma likita ya tsara masa hoton hanta duk wata shida.