A Bar Dattawanmu Su Riƙa Tuƙa Kwale-kwale

Edita,

Don Allah ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin 'yan uwana mutanen Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa game da wata ɗabi'a da muke ɗauka ladabi ne alhali cutarwa ce. Da zarar mahaifi ya haura shekara 60, sai 'ya'yansa su ƙwace fartanya ko filafili daga hannunsa, su ce "Baba ka huta haka nan." Shi ke nan, sai tabarma a gindin bishiya daga safe har magariba. Kafin ka ce me, ga ciwon gwiwa, ga kumburin ƙafa, ga kaɗaici.

Ni manomi ne, kuma da rani nakan sari bandar kifi a wajen masuntan Tiga in kai kasuwa. Madatsar ruwan nan da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano, ta raini masunta da yawa. Wasu sun shiga ruwan suna samari, yau ga su da furfura suna tuƙa kwale-kwalensu. Wallahi idan ka ga irin wannan dattijo ya ɗaga koma, sai ka rantse ya girmi sa'o'insa na zaure da lafiya. Tuƙi yana motsa kafaɗa da baya da numfashi, kuma a zaune ake yinsa, saboda haka bai cika wahalar da gwiwa ba.

Ba ni kaɗai na faɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa tsofaffi su riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Wato rabin awa kullum har kwana biyar. Hausawa ma tuni suka ce motsi ya fi laɓewa.

Wani zai ce ai ruwa ba ya da tabbas. Gaskiya ne. Ba mu manta da hatsarin jirgin ruwa na Bagwai ba a watan Nuwamba 2021, inda fiye da mutum 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Allah Ya jiƙansu. Amma maganin hatsari shi ne tsari. Kada dattijo ya shiga ruwa shi kaɗai, a haɗa shi da jika ko ɗa mai ƙarfi. Ya fita da sanyin safiya, ya bi gefe-gefe, ya dawo kafin rana ta take. In hadari ya haɗu, a haƙura. Kada a cika kwale-kwale da kaya, kuma a sa masa rigar kariya ta ruwa. Mai hawan jini ko jiri kuwa ya fara ganin likita tukuna.

Haɗa shi da jika riba biyu ce. Dattijo ya san inda kututture yake a ƙarƙashin ruwa, ya san iskar da ke kawo hadari, ya san makwancin tarwaɗa da karfasa. In muka zaunar da shi, wa zai koya wa yaran?

Daga ƙarshe ina kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu da sarakunan ruwa da su taimaka a samar da rigunan kariya cikin rahusa a bakin Tiga. Mu kuma 'ya'ya, mu tuna cewa in Allah Ya ba mu tsawon rai, tabarmar da muka shimfiɗa wa iyayenmu ita za a shimfiɗa mana.

Naka mai karatu kullum,
daga Kwanar Dangora, Jihar Kano.